Tarihin simintin da ke ɗaure guba: daga Bagega zuwa buntun shinkafar Kebbi

Yau ba saitin waya za mu yi ba, ba kuma dabarar rage shan data ba. Tarihi na kawo maka, amma tarihin da bai yi nisa da wayar da ke hannunka ba. A cikin allon injinta akwai ɗan zinare kaɗan, saboda zinare ba ya tsatsa kuma wuta na bin sa da kyau. Sannan in a shagon caji kake kai ta, ko kuwa sola gare ku a gida, sau da yawa batirin da ke riƙe wutar irin mai nauyin nan ne na ruwa, wanda fiye da rabin nauyinsa dalma ce. To zinare da dalma ɗin nan su ne suka haɗu a maƙwabciyarmu Zamfara, suka jawo annobar da ake lissafawa cikin mafi munin gubar dalma da aka taɓa gani a duniya.

Mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama ba zai ce abin ya yi masa nisa ba. Gulbin da ya biyo ta Anka da Gummi shi ne dai ya gangaro Jega, inda ake ce masa Gulbin Gindi. Haƙar zinare ta hannu kuwa ba a Zamfara kaɗai ake yin ta ba, ga ƙasar Yawuri nan cikin jiharmu.

ABIN DA YA FARU A 2010

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen ƙauyuka saboda sanƙarau, sai suka tarar yara ƙanana na mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai kasala, sai jijjiga, shi ke nan. An ba da maganin zazzaɓin sauro, an ba da na ƙwayoyin cuta, babu sauƙi. Sai da aka ɗebi jinin wasu yara aka aika Jamus, sakamako ya dawo cewa dalma ce, kuma mai yawan da likitoci ba su saba gani ba. A lokacin, in jinin yaro ya kai maki 10 a ma'aunin dalma, hukumar CDC ta Amurka cewa take a tashi tsaye. Waɗannan yara duk sun haura 100. Ƙaramar na'urar gwajin da aka zo da ita ƙauyukan tana tsayawa ne a 65, kuma yara da yawa sun wuce inda take iya karantawa.

Da aka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, aka gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan fa. Gaba ɗaya a yankin an yi ƙiyasin sama da yara 400.

Daga ina dalmar ta fito? Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi sama, har ya wuce dala 1,000 kowane oza a 2009. Manomi ya ga abin da zai samu a rami cikin mako ya fi na gona a wata. Duwatsun da ake haƙowa kuwa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gari, a farfasa da guduma, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, wasu a daka a turmi cikin gida, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙura ta bi ko'ina, ɗaki da madafa da bakin rijiya. Babba na iya ɗaukar wani abu ya yi ta yawo, amma yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki, jikinsa ya fi na babba saurin zuƙar dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa ce take fara taɓawa. A wasu wuraren an auna ƙasa an samu sama da miligiram 100,000 na dalma a kowane kilo. Ka lissafa: buhun ƙasa mai kilo 50, kilo 5 dalma ce zalla. Iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga filin wasan yara ita ce miligiram 400.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne tushen wannan rubutu. Akwai maganin da ke janyo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari, ana ce masa DMSA. Amma in ka bai wa yaro maganin ya koma gidan da ƙurar take, aikin banza ka yi, jinin zai sake cika. Saboda haka MSF ta tsaya a kan cewa sai an gyara ƙasar gari kafin a fara magani a cikinsa. Wato likita ne ke jiran mai shebur.

Masu shebur ɗin mutanen ƙauyukan ne da ma'aikatan muhalli na jiha, ƙarƙashin jagorancin wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics daga jihar Idaho, tare da cibiyar Blacksmith. Suna da wata na'ura ta hannu mai suna XRF, kamanninta kamar bindigar wasan yara, ana ɗora bakinta a ƙasa ta nuna adadin dalma a allo nan take. Inda ta nuna guba sai a kankare saman ƙasar da fartanya, a zuba a buhu, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An yi haka a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita ta sha jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗi ba su fito ba, yara wajen 1,500 suna zaune cikin guba ba magani. A nan ne wayar hannu ta yi rana. Matasan Follow The Money, cikinsu har da Hamzat Lawal, da ƙungiyar Human Rights Watch, suka ɗauki maganar a Twitter da Facebook da alamar #SaveBagega, har a farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka yi aikin a wannan shekarar. Jimilla, daga 2010 zuwa 2013, an kwashe ƙasa mai guba sama da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas, kusan duka da hannu. Ba a jima ba, a 2015, irin wannan ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wannan aiki ya ceci rayuka, babu mai musu. Amma tsaya ka tambayi kanka, ina dalmar take yanzu? Tana nan a cikin ramukan. Dalma ba kamar ƙwayar cuta ba ce da rana ko wuta za su kashe, ba kuma kamar taki ba da zai ruɓe. Ƙarfe ce. Haka zaiba, haka kadmiyam, haka kuromiyam ɗin da masana'antun jima ke zubarwa a Challawa da Sharaɗa a Kano. Abu biyu kawai ɗan'adam ke iya yi musu: ya sauya musu wuri, ko ya ɗaure su yadda ruwa ba zai wanke su ba, iska ba za ta ɗauke su ba. Na farkon shi aka yi a Zamfara. Na biyun yana da nasa tarihin, kuma ya fi shekara 100.

ME ZAI HANA A ZUBA MUSU SIMINTI KAWAI?

Ai ana yi. A Amurka da Turai, cuɗa ƙasa mai guba da siminti na cikin hanyoyin da aka fi amfani da su. Simintin da muka sani, irin wanda ake yi a Kalambaina ta Sakkwato tun 1967, asalinsa wani birkila ne ɗan Ingila, Joseph Aspdin, da ya yi masa rajista a 1824. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450, shi ya sa yake cin makamashi, shi ya sa kuma masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

Sai dai shi da dalma ba sa shiri sosai. Dalma na hana shi kamawa da wuri, kwaɓin da ya kamata ya yi tauri cikin sa'o'i sai ya ɗauki kwanaki. Ga shi kuma ruwa mai tsami na cin sa a hankali, saboda ƙarfinsa a kan alli ya dogara. Ramin haƙar ma'adinai kuwa sau da yawa ruwansa mai tsami ne. Wannan ya sa masu bincike suka waiwayi wani siminti na daban, wanda tun asali ba don guba aka ƙirƙiro shi ba.

Labarinsa ya faro ne daga bola. Duk inda ake narka tama, akwai abin da ke taruwa a gefe, wanda mu muke ce wa kashin maƙera. A manyan masana'antun ƙarfe na Turai tsaunuka ake tarawa. A 1908 wani masanin siminti ɗan Jamus, Hans Kühl, ya yi rajistar wata dabara: in ka niƙa wannan kashin ya zama gari, ka haɗa shi da sinadari mai kaifi irin dangin kanwa, yana daskarewa ya zama dutse ba tare da an sake gasa shi ba. Abin bai yi nisa ba a lokacin. Sai a 1940 wani mai bincike a Beljiyam, A. O. Purdon, ya gwada kashin masana'antu iri-iri da sodar nan mai ƙuna da mata ke haɗa sabulu da ita, ya wallafa sakamakonsa. A shekarun 1950 har kamfani aka kafa, aka yi gine-gine a birnin Brussels da abin da suka kira Purdocement. Kamfanin bai daɗe ba, amma da masu bincike suka koma duba wasu daga ginin bayan shekara kusan 60, sun same su a tsaye.

Wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Viktor Glukhovsky, a birnin Kiyef na Yukren, zamanin Tarayyar Sobiyet. Su matsalarsu ƙarancin siminti ce, ga gine-gine ana ta yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ga kashin ƙarfe jibge a bayan kowace masana'anta. Shi ya lura cewa a cikin ƙasa ma akwai duwatsun da haka suka samu, toka da yumɓu sun haɗu da ruwa mai kanwa sun daskare cikin dubban shekaru. Ya ce to me zai hana mu gaggauta abin? A 1959 ya fitar da littafi a kai. Daga nan aka yi bututun ruwa da tituna da gidaje. Mariupol ɗin nan da ka yi ta gani a labarai a 2022 ana ruwan bama-bamai, garin masana'antun ƙarfe ne, kuma tun shekarun 1960 aka gina benaye da wannan siminti a cikinsa. A Lipetsk ta Rasha har bene mai hawa sama da 20 aka yi.

Sunan da za ka fi cin karo da shi a intanet kuwa, wato jiyofolima, wani Bafaranshe ne ya raɗa shi a ƙarshen shekarun 1970, Joseph Davidovits. Shi ta hanyar gobara ya shigo. A farkon shekarun 1970 an yi munanan gobara a Faransa inda robobin da aka yi ado da su suka ƙara wa wuta ƙarfi, sai ya shiga neman abin da za a iya zubawa a ma'auni kamar roba amma ba ya ci da wuta. Ya yi amfani da farin yumɓun nan, kawolin, ya gasa shi a zafi matsakaici, ya kwaɓa da soda da silikat. Mutumin akwai son magana mai tayar da ƙura, don har cewa ya yi wai duwatsun dalar Masar ba sassaƙa su aka yi ba, zuba su aka yi kamar bulo. Yawancin masana tarihin Masar ba su yarda da shi ba, ni ma ban ga dalilin ɓata lokaci a kai ba. Amma simintinsa na gaske ne. In kana son shaida ta zamani, filin jirgin sama na Wellcamp a Ostireliya, da aka buɗe a 2014, an zuba kankaren jiyofolima wajen mita kubik 40,000 a cikinsa, daga tokar kwal da kashin ƙarfe.

YADDA YAKE KAMA GUBAR

Bari in sauƙaƙa maka. Toka da gasasshen yumɓu da kashin ƙarfe duk suna ɗauke da abubuwa biyu, silika da alumina. In ka zuba musu ruwan soda mai ƙarfi, sai su narke, sannan su sake haɗuwa da juna su saƙa wata raga mai ƙananan idanu, ta kowace fuska, har ta zama dutse. In akwai dalma a cikin kwaɓin lokacin da ake wannan saƙa, wata za ta haɗu da silika ta zama sinadarin da ruwa ba ya narkarwa da sauƙi, wata ragar ce za ta riƙe ta, wata kuma za ta maƙale ne kawai a ciki saboda ruwa ba ya samun hanyar isa gare ta. Kamar ɓarawon da aka sa wa ankwa, aka kuma kulle shi a ɗaki. Kuma tunda ragar ba a kan alli ta dogara ba, ta fi simintin gama-gari jure ruwa mai tsami.

Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara gwada wannan da tarkacen ma'adinai a Kanada. Bayan haɗewar Jamus a 1990, gwamnati ta gaji ramukan yuraniyam na kamfanin Wismut, wanda ya yi shekaru yana haƙa wa Sobiyet, kuma a ƙarshen shekarun 1990 an gwada daskarar da taɓon wurin, mai ɗauke da yuraniyam da asenik, da jiyofolima. Wanda ya san Arlit a Nijar zai gane irin wannan gado, don kamfanin COMINAK da aka rufe a 2021 ya bar tarkace wajen tan miliyan 20. A 1997 kuma masu bincike uku, van Jaarsveld da van Deventer da Lorenzen, waɗanda aikinsu ya haɗa Afirka ta Kudu da Ostireliya, suka wallafa binciken da ya buɗe wa mutane ido: a ɗauki sharar wata masana'anta, wato tokar kwal, a ɗaure gubar wata masana'antar da ita.

Kar ka ɗauka kowace guba yake kamawa. A 2003 wasu masu bincike a Madrid, Palomo da Palacios, sun gwada dalma da kuromiyam a cikin simintin tokar kwal. Dalma ta kamu da kyau. Kuromiyam, irin nau'in nan mai haɗari da ake ce wa na shida, ya ƙi, ya haɗu da sodar ya zama gishirin da ruwa ke wankewa, har ma ya ɓata ƙarfin simintin. Sai in an sa kashin ƙarfe a ciki, saboda yana da ɗan farar wuta da ke mayar da shi nau'i na uku mai sauƙin kamu. Wannan ya shafi Kano kai-tsaye. Masu jima da na ukun suke aiki, amma in aka ƙona sharar fatun a fili, zafi na iya mayar da wani sashe ya koma na shida. Asenik ma yana ba da wahala. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da haɗi guda da ke maganin kowace guba, talla yake yi.

Kafin mu dawo gida, akwai abin da ya kamata ka sani game da kakanninmu. Yin siminti daga sharar sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magina na da suna da abin da ake kira laso. Ana kwaso katsi, wato laka mai toka da ke kwanciya a ƙasan rijiyar rini, a dunƙula, a shanya, a gasa, a daka. Sai a haɗa da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe rufin soro don kada ya yi yoyo, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin marina irin na Ƙofar Mata a Kano. Sinadarinsa ba ɗaya ba ne da na Davidovits, kar in yi maka ƙari. Amma tunanin ɗaya ne: sharar marini da sharar majemi su ne kayan aikin magini. Siminti na buhu ne ya zo ya kashe wannan sana'a.

TO MU ME MUKE DA SHI?

A nan ne dole a yi gaskiya. Kayan da Turawa suka gina wannan fasaha a kansu ba mu da su da yawa. Kashin ƙarfe irin wanda ake buƙata daga babbar tukunyar narka tama yake fitowa, ta Ajaokuta kuwa, da aka fara ginawa tun 1979, har yau ba a taɓa hura ta ba. Tokar kwal sai inda ake ƙona kwal don wutar lantarki, kamar tashar SONICHAR da ke kusa da Agadas, kuma ɗauko toka daga can zuwa nan ba ƙaramin kuɗin mota ba ne.

Amma muna da buntu. Ko a Sarandosa kake ko a Jega, ka san tulin da ke taruwa a bayan injin casar shinkafa, wanda wani lokaci wuta kawai ake cinna masa ya yi ta hayaƙi kwana da kwanaki. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ga manyan injina irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, abin sai ƙaruwa yake. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafar da ba a casa ba buntu ne. In aka ƙone buntun, kusan kashi 20 cikin 100 nasa ke zama toka, kuma wannan tokar sama da kashi 85 cikin 100 silika ce. Wato daga tan 100 na shinkafa za ka samu wajen tan 4 na toka mai daraja. Sharaɗin shi ne a ƙone shi da lissafi, kada zafin ya wuce wajen digiri 700, in ba haka ba silikar ta ƙanƙame ta ƙi narkewa. Ƙonawar bola ba ta ba da wannan.

Buntu shi kaɗai ba ya yin jiyofolima, don ba shi da alumina. Wannan sai daga yumɓu, kuma akwai kawolin a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Abin da ya fi tsada a duk haɗin shi ne silikat, wanda masu sabulu suka sani, kuma an tabbatar ana iya yin sa ta hanyar narkar da tokar buntu cikin ruwan soda. Zafin garinmu ma taimako ne, domin irin wannan siminti ya fi kamawa da ɗumi, a ƙasashen sanyi sai sun sa shi a tanda. Abin da zai ba mu ciwon kai shi ne bushewar iskar hunturu, da ke tsotse ruwan kafin ya gama kamawa ya sa shi tsagewa, sai an lulluɓe shi. Wani lokaci kuma za ka ga farin gishiri ya fito a jikin bulon, alamar soda ta yi yawa.

A ganina wannan aikin ɗakin gwaji ne, irin na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ba na bayan gida ba. Kar wani ya karanta wannan ya je ya kwaso ƙasar ramin zinare ko cikin tsohon batir ya ce zai buga bulo. Soda mai ƙarfin da ake buƙata tana cin fata, in ta shiga ido tana makantarwa. Kuma ko an yi shi daidai, bulon da aka ɗaure dalma a cikinsa ba na gina ɗakin kwana ba ne, don ranar da wani ya fasa shi ko ya huda bango, ƙurar ta dawo. Wurinsa cikin ramin binnewa ne, ko ƙarƙashin abin da ba za a taɓa ba, kuma a rubuta inda aka sa shi. Ba ya kuma maye gurbin abin da MSF da sarakunan yankin suka yi ta faɗa, cewa a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a riƙa jiƙa shi don kada ya yi ƙura, mai haƙa ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa.

Ta yaya ake sanin haɗin ya yi? Ba da ido ba, ba kuma da taurin bulo ba, don bulo na iya yin tauri kamar dutse yana kuma zubar da guba. Gwajin da aka fi sani shi ne TCLP, wanda hukumar muhalli ta Amurka ta shigar cikin doka a 1990. Ana farfasa bulon a yi masa ƙanana-ƙanana, wato a yi masa mugunta da gangan, a zuba shi cikin ruwa mai tsami irin na binega, ninki 20 na nauyinsa, a sa a injin da zai yi ta juya kwalbar har sa'a 18. Sannan a tace ruwan a auna. In dalmar da ta fito ta kai miligiram 5 a kowace lita, haɗin ya faɗi, har yanzu shara ce mai haɗari a idon doka, sai a koma a sake lissafin toka da yumɓu da soda. Wanda ya haye kuma, masu bincike kan jiƙa shi a ruwa na tsawon watanni, suna ɗiban ruwan lokaci-lokaci suna aunawa, kafin a yarda a kai shi rami.